Daga Ƙwayar Zarra zuwa Ƙwayar Rai: Ƙaurar Masana Fizik zuwa Ilimin Halittu

Duk wanda ya bi tarihin ilimin halittu masu rai na ƙarni na 20 zai lura da cewa da yawa daga cikin waɗanda suka sake masa kama baƙi ne a cikinsa. Takardun shaidarsu na fizik ne, wato ilimin da ke binciken haske da zafi da lantarki da ƙwayar zarra, kuma wasunsu sun kai shekara 30 a duniya ba su taɓa renon bakteriya a faranti ba. Wannan ƙaura tana cikin manyan tushen sana'ar da a yau ake kira injiniyancin halittu, inda ake tsara wa ƙwayar rai aiki kamar yadda ake haɗa na'ura. Abin dubawa a nan shi ne guzurin da maƙauratan suka ɗauko daga gidansu na farko, da wanda ya yi amfani a cikinsa, da kuma abin da hanyar ta ci musu.

Mafarin labarin Bajamushe ne, Max Delbrück, wanda aka haifa a Barlin a 1906, ya kuma sami digirin doktora na fizik a Göttingen a 1930. Ranar 15 ga Agusta 1932 ya saurari wata lacca da Niels Bohr ya gabatar a Kopenhag kan haske da rayuwa. Bohr ya yi hasashen cewa, kamar yadda binciken ƙwayar zarra ya tilasta wa masana barin tsofaffin ƙa'idojinsu, mai yiwuwa binciken rai ma ya kai wani wuri da fizik da ilimin sinadarai za su gaza, sai an zo da sabuwar ƙa'ida. Delbrück yana da shekara 25. Maganar ta kama shi, ya ƙudurta cewa shi ne zai gano wannan ƙa'ida.

Bai bar fizik nan take ba. Ya koma Barlin ya zama mataimakin Lise Meitner, yana kuma tara abokai a gidan mahaifiyarsa ana tattauna sha'anin gado. A 1935, shi da Nikolai Timofeeff-Ressovsky da Karl Zimmer suka fitar da wata maƙala da ta auna yadda hasken X ke sauya gadon ƙudaje, suka kai ga cewa ƙwayar gado abu ce ta zahiri, tarin ƙwayoyin zarra da ake iya ƙiyasta girmansa. Kusan babu wanda ya karanta ta a lokacin. A 1937 Gidauniyar Rockefeller ta ba shi tallafin zuwa Caltech a Kaliforniya, ga kuma mulkin ƴan Nazi da ya riga ya toshe masa hanyar samun kujerar koyarwa a gida. Shekara guda bayan tashinsa, a Disamba 1938, aka fasa ƙwayar uraniyom, ma'adinin nan na Arlit, a cibiyar da ya baro. Da ya daɗa haƙuri kaɗan, da yana wurin.

A Caltech ya fara da ƙudajen Thomas Hunt Morgan, ya tarar da tulin sunaye da alamomi da sai mutum ya yi shekaru kafin ya laƙance su. Ya kusa karaya. Sai ya ji labarin wani mai suna Emory Ellis da ke aiki a ƙasan bene kan wani birus mai cin bakteriya, wanda ake kira faj. A nan ya sami abin da ya dace da tarbiyyarsa. Faj guda ya shiga bakteriya guda, cikin kimanin rabin awa ta fashe, gomomin sababbi su fito. In aka shimfiɗa bakteriya a faranti, kowane faj yakan bar ɗan fili fayau da ido ke gani, sai a ƙirga. Masanin fizik ya saba neman abu mafi sauƙi da ke ɗauke da tambayar da ake son amsawa, ya bar sauran. Ga shi ya sami haihuwa da gado a siffarsu mafi ƙanƙanta, kuma ana samun sakamako washegari.

Duk da haka ba a ɗauke shi masanin halittu ba. Daga 1940 zuwa 1947 fizik yake koyarwa a Jami'ar Vanderbilt, da shi yake cin abinci, aikin faj kuwa sai a ragowar lokaci. A wannan tsakani ne ya haɗu da Salvador Luria, likita Bayahude ɗan Italiya da ya gudo daga dokokin wariyar Mussolini, suka yi gwajin da har yau ake koyar da shi.

Tambayar ita ce: in aka zuba faj kan miliyoyin bakteriya, kusan duka sukan mutu, amma ƴan kaɗan su tsira, su haifi zuriyar da birus ɗin ba ya iya taɓawa. Shin haɗuwa da birus ce ke koya musu kariya, ko kuwa sun riga sun sauya tun bai zo ba, bisa katari? Amsar ta faɗo wa Luria a farkon 1943 a wata liyafar malaman Jami'ar Indiana, yana kallon wani yana jefa kuɗi cikin na'urar caca: galibi ba a samun kome, jefi-jefi a sami kaɗan, can kuma wani ya kwashe tuli. Ya ga cewa in sauyin na katari ne, haka ƙirgen zai fito. A raba bakteriya cikin ƙananan kwalabe da yawa, a bar su su hayayyafa, sannan a zuba musu faj. Kwalbar da sauyi ya auku a cikinta da wuri za ta cika da jikokin mai kariya, wadda ya auku a makare ta sami ɗaya ko biyu, sauran kuma babu. In kuwa birus ne ke koyarwa, to kowace kwalba za ta ba da adadi kusan ɗaya da na ƴar'uwarta. A ɗaya daga cikin gwaje-gwajen, cikin kwalabe 20, guda 11 ba su ba da ko ɗaya ba, wata ta ba da 35, wata 64, wata 107; samfura 10 da aka ɗiba daga babbar kwalba guda kuwa duk sun tsaya tsakanin 13 da 26. Luria ya aika wa Delbrück lambobin ta gidan waya, shi kuma ya gina lissafin da ya fitar da yawan aukuwar sauyin. Da wannan aka tabbatar da cewa bakteriya ma suna da gado kamar sauran halittu. Likitan da ke gargaɗi kan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai yana tsaye ne a kan irin wannan hujja: maganin yakan share masu rauni, ya bar wa masu kariya fili.

Abin lura shi ne babu wata ƙa'idar fizik a cikin gwajin. Abin da fizik ya ba da shi ne ɗabi'ar ɗaukar bambancin lambobi da muhimmanci, a wurin da wani zai ce kuskuren hannu ne ya zubar da farantan.

Yaƙin duniya na biyu ya mai da tafiyar mutum ɗaya ta zama ayari. A Fabrairu 1943 Erwin Schrödinger, wanda ke gudun hijira a Dublin, ya gabatar da laccocin da suka zama ɗan littafinsa mai tambayar mene ne rai, wanda ya fito a 1944, ya kuma tono maƙalar nan ta 1935 ya sanar da duniya sunan Delbrück. Littafin ya faɗa hannun mutanen da suka ƙare ƙuruciyarsu kan kayan kisa. Francis Crick ya yi shekarun yaƙi yana tsara nakiyoyin ruwa ga rundunar Ingila, bayan bam ya rushe kayan aikin doktoransa a Landan; ya shiga ilimin halittu a 1947 yana da shekara 31, ba shi da digirin doktora. Maurice Wilkins ya fito daga aikin bam ɗin atam. Leo Szilard, wanda ya tsara wasiƙar da Einstein ya sa wa hannu a 1939 zuwa ga Shugaba Roosevelt, ya je ya zauna a benci a 1947 yana ɗalibta a kwas ɗin faj da Delbrück ya buɗe a Cold Spring Harbor tun 1945. Shi Szilard, da halinsa na maƙeri, bai daɗe ba ya haɗa da Aaron Novick wata na'ura a 1950 mai riƙe bakteriya cikin hayayyafa ba yankewa, ana ɗura abinci ta nan ana kwashe rara ta can. Jacques Monod ya kai ga irinta a Paris a shekarar. Seymour Benzer kuwa ya bar binciken jamaniyom a Jami'ar Purdue daidai lokacin da wannan fanni ke shirin haifar taransista, abin da ya sa abokansa suka ɗauka ya zautu.

A Afrilu 1953 Crick da James Watson suka bayyana siffar ADN, wanda masu Ingilishi ke kira DNA, bisa hotunan hasken X na Rosalind Franklin da na Wilkins. Ga Delbrück nasara ce mai ɗaci. Sirrin gado ya fito fili, kuma babu sabuwar ƙa'ida a cikinsa: igiya biyu ne a murɗe, kowace tana zama ma'aunin kwafar ɗayar, abin da ilimin sinadarai na yau da kullum ya isa ya bayyana. Ya juya ga wani naman gwari mai suna Phycomyces, yana binciken yadda yake karkata zuwa haske, da fatan a can zai ci karo da abin da Bohr ya yi hasashe. An ba shi kyautar Nobel a 1969 tare da Luria da Alfred Hershey saboda aikin faj. Ya rasu a 1981 bai sami abin da ya fito nema ba.

Ya kamata a faɗi inda baƙin suka yi tuntuɓe, domin masu ba da labarin sukan tsallake wurin. Tun 1944 Oswald Avery da abokan aikinsa, likitoci da masana sinadarai, sun nuna cewa ADN ne ke ɗauke da gado, amma jama'ar faj, masu raina aikin sinadarai, suka yi ta jan ƙafa har 1952. Misali mafi kyau shi ne na karatun rubutun gado. ADN yana da haruffa 4; in kalma mai harafi uku ce, za a sami kalmomi 64, alhali tubalan da ake gina furotin da su 20 ne. George Gamow, masanin fizik mai binciken asalin sararin samaniya, ya kawo tsari a 1954 da ke ba da 20 cif, ya rushe. A 1957 Crick da abokansa biyu suka nuna cewa in aka zaɓi kalmomin da ba a iya karanta su bisa kuskure ko daga ina aka soma, iyakar adadinsu 20 ne. Tsarin ya yi kyan da mutane suka yarda da shi ba tare da gwaji ko ɗaya ba. A Mayu 1961 Marshall Nirenberg da Heinrich Matthaei, waɗanda manyan fannin ba su san da zamansu ba, suka niƙa bakteriya suka zuba wa ruwan saƙo mai harafi guda, suka karanta kalmar farko. Da aka gama karatun sai ga kalmomi 61 suna nuna tubali, da yawansu ma'anarsu ɗaya, 3 kuma alamar tsayawa. A fizik, kyan lissafi yakan zama alamar gaskiya. Halitta mai rai kuwa gadon tarihi ce, faci a kan faci, sai an buɗe an duba.

Walter Gilbert ne gadar da ta haɗa masu neman fahimta da masu ƙira. Ya yi doktora a Kambirij ta Ingila a 1957 a hannun Abdus Salam ɗan Pakistan, ya zama malamin fizik a Harvard. A 1960 Watson ya gayyace shi ya ga aikin da suke yi da François Gros, sai ya zauna. Ya koma ɗan koyo, yana tambayar yadda ake riƙe kowane abu, ya kuma ci gaba da koyar da fizik na wasu shekaru kafin a tabbatar masa da kujera a sabon fannin. A 1961 François Jacob da Monod na Cibiyar Pasteur sun yi hasashen cewa bakteriya tana da wani abu da ke zama kan ADN kamar kwaɗo a ƙofa, ya kulle ƙwayoyin gadon narkar da sukarin madara har sai sukarin ya zo. Babu wanda ya iya kama shi, domin bai fi guda goma ba a cikin kowace bakteriya. Gilbert da Benno Müller-Hill suka kama shi a 1966. A 1977 kuma shi da Allan Maxam suka fitar da hanyar karanta haruffan ADN bi da bi, wadda ta kai shi ga Nobel ta 1980 tare da Frederick Sanger da Paul Berg.

A lokacin an riga an iya yanka ADN a liƙa shi cikin bakteriya, tun aikin Stanley Cohen da Herbert Boyer na 1973, sai aka shiga tseren insulin, maganin ciwon sukari da a da ake tatsowa daga wata gaɓar cikin alade da shanu. A tsakiyar 1978 ɗakin gwajin Gilbert, da hannun Lydia Villa-Komaroff, ya sa bakteriya ta yi insulin ɗin ɓera. Na mutum ya rage. Dokokin Amurka na lokacin sun hana taɓa ADN ɗin mutum sai a ɗaki mai matuƙar tsaro, don haka suka kwashi kaya zuwa Porton Down, cibiyar sojan Ingila. Bayan makonni suna shiga da fita cikin rigunan kariya, suka gano cewa abin da suka ɗauko ya gurɓata: na ɓeran ne suke ta renowa. Kamfanin Genentech na Kaliforniya kuwa ya haɗa ƙwayar gadon da hannu daga sinadarai, abin da dokar ba ta shafa ba, ya sanar da nasararsa a Satumba 1978. Insulin ɗin ya shiga kasuwa a 1982.

Gilbert yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin Biogen a Janeba a 1978, daga baya ya bar Harvard ya shugabance shi. Kamfanin ya riƙe aikin Kenneth Murray kan birus ɗin ciwon hanta nau'in B, wanda ke cikin tushen allurar rigakafin da ake yi da yisti tun 1986, irin wadda ke cikin allurar jarirai a asibitocin Afirka ta Yamma. Amma kuɗi sun yi ta zurarewa, a ƙarshen 1984 ya sauka ya koma jami'a. Iya kama furotin bai koya masa riƙon kamfani ba.

Ko ba a kai ga kamfani ba, ƙaurar tana da tsada. Venkatraman Ramakrishnan ɗan Indiya ya gama doktoran fizik a Jami'ar Ohio a 1976, ya sake shiga aji a San Diego shekara biyu yana koyon ilimin halittu tare da ƙannensa. Bayan haka ya nemi aikin koyarwa a jami'o'i kimanin 50, babu wadda ta kira shi ko don ganawa: sassan fizik ba su ga fizik a aikinsa ba, sassan halittu ba su yarda da asalinsa ba. Ya sami Nobel a 2009 kan siffar ribozom, injin da ke haɗa furotin a cikin ƙwayar rai. Tarihi yana riƙe sunan irinsa. Waɗanda suka maƙale a tsakiyar kogi ba a rubuta su.

Mataki na ƙarshe ya zo ranar 20 ga Janairu 2000, da mujallar Nature ta buga maƙaloli biyu a jere. A Jami'ar Boston, James Collins, wanda digirinsa na farko na fizik ne, da ɗalibinsa Timothy Gardner da Charles Cantor suka haɗa ƙwayoyin gado biyu da ke kulle juna, suka sami makunni a cikin bakteriya: a kunna ya zauna a kunne, a kashe ya zauna a kashe, har ga jikoki. A Princeton, Michael Elowitz da malaminsa Stanislas Leibler, dukansu masana fizik, suka haɗa uku a da'ira, na farko yana kulle na biyu, na biyu na uku, na uku na farko, suka rataya musu wani furotin mai ƙyallin kore da aka samo daga wata halittar teku. Bakteriyar ta riƙa haske tana dushewa kusan kowace awa biyu da rabi, wato agogo. A duka biyun an fara rubuta lissafi a takarda, sannan aka gina. Kayan ginin kuwa na magabata ne: kwaɗon da Gilbert ya kama a 1966 yana cikin duka biyun, akwai kuma wani da aka ciro daga faj.

Jami'o'i suka bi baya. MIT ta buɗe sashen injiniyancin halittu a 1998, ta soma karatun digirin farko a cikinsa a 2005, kuma ɗalibin fizik na yau yana iya shiga ta ƙofa a wurin da su Delbrück suka haura katanga. A 2014, shekarar annobar Ebola a Gini da Laberiya da Saliyo, ɗakin gwajin Collins ya nuna cewa ana iya busar da irin waɗannan makunnai a kan ƴar takarda, ba tare da bakteriya ba, ta sauya launi in ta haɗu da alamar birus. A ɗakin gwaji aka nuna hakan, annobar ta wuce ba a kai shi fili ba.

Agogon Elowitz ma bai yi aiki yadda takarda ta ce ba. Ƙasa da rabin bakteriyar ne suka riƙa bugawa, waɗanda suka buga ɗin ma ƴa da uwa sukan saɓa lokaci cikin ƴan awoyi, domin inda furotin bai fi ƴan gomomi ba, katari yakan rinjayi tsari. Elowitz ya mai da wannan matsala abin bincikensa, a 2002 ya nuna da launi biyu cewa bakteriya masu gado iri ɗaya, a kwalba ɗaya, ba sa yin furotin daidai da juna. Sai a 2016 wata ƙungiya a Harvard ƙarƙashin Johan Paulsson ta gyara agogon. Sun bi kowace bakteriya ɗaya bayan ɗaya suka gano inda hayaniyar ke shigowa, suka cire wasu sassan da aka ƙara a 2000 da niyyar inganta shi, agogon ya riƙe lokacinsa har ɗaruruwan zuriya.